Yadda Ake Zaɓen Mahaɗi Mai Rarraba Nauyi da Hana Tangaɗi Don Jan Tirela Mai Ɗaki

Darasinmu na yau zai fita daga waya da kwamfuta ya koma kan ƙarfe, amma lissafi ne zalla a cikinsa, kuma duk wanda ya iya tara da ɗebewa zai bi shi har ƙarshe.

Idan ka lura da manyan motocin a-kori-kura da ake shigo da su daga Amurka, irin su Toyota Tundra ko Ford F-150, za ka ga wani rami mai kusurwa huɗu a ƙarƙashin bambar baya. Wannan ramin shi ne gidan mahaɗi. A Amurka da Kanada iyalai da yawa suna da tirela mai ɗaki, wato ƙaramin gida a kan taya, mai gado da kicin da banɗaki, wanda suke ɗaurawa a bayan mota su tafi hutu. Irin wannan tirela tana kai tan biyu, uku, har sama da haka, kuma duk nauyin nan yana haɗuwa da mota ne a kan dunƙulen ƙarfe guda ɗaya da bai wuce girman lemo ba. Idan aka yi kuskure a wannan wuri, tirela kan iya kifar da motar da ke jan ta tare da mutanen da ke ciki.

Za mu duba yadda ake zaɓen mahaɗin da ke maganin wannan matsala. Abin da nake so ka riƙe tun daga farko shi ne: sikeli ne ke zaɓa maka mahaɗi. Sai ka auna sannan ka sayi.

Matsaloli biyu ne, kada a haɗa su

A kasuwa ana sayar da na'urar a matsayin abu ɗaya, shi ya sa mutane ke ɗaukar aiki ɗaya take yi. Ayyuka biyu ne.

Na farko shi ne rarraba nauyi. Idan ka ɗora hancin tirela a bayan mota, bayan zai zauna, gaban kuma ya ɗaga. Tayoyin gaba su ne ke juya mota, kuma su ne ke yin kaso mafi yawa na aikin birki. Idan nauyi ya ragu a kansu, sitiyari zai yi sakwa-sakwa a hannu, birki ya ƙara nisa kafin ya tsayar da mota, fitilun gaba kuma su riƙa haska idon masu tahowa maimakon titi.

Na biyu shi ne hana tangaɗi. Tangaɗi shi ne lokacin da tirela ta fara kaɗa jela hagu da dama a bayan mota. Iska mai ƙarfi daga gefe kan tayar da shi, ko babbar mota ta wuce ka da gudu, ko ka kauce wa wani abu da sauri. Wani lokaci yakan lafa da kansa. Wani lokaci kuma kowane kaɗawa ya fi na baya ƙarfi, har direba ya rasa iko.

Akwai mahaɗin da ke rarraba nauyi kaɗai, akwai sandar da ke rage tangaɗi kaɗai, akwai kuma wanda ya haɗa biyun. Tirela mai ɗaki doguwa ce, bangonta kuma faffaɗa ne da iska ke samun wurin bugawa, saboda haka yawanci biyun take buƙata.

Lissafin abin da ke faruwa da motarka

Ka ɗauki motar a matsayin doguwar sanda da aka ɗora a kan tayoyin baya. Idan ka danna ƙarshen sandar ta baya, ɗaya ƙarshen zai ɗaga. Tsarin lissafin ga shi:

Nauyin da gaba ya rasa = nauyin hanci × nisan dunƙule daga tayoyin baya ÷ nisan tayoyin gaba da na baya.

Mu ɗauki misali. F-150 mai ƙofa huɗu da gajeren bodi tana da kimanin santimita 368 tsakanin tayoyin gaba da na baya. Mu ce dunƙulen mahaɗi yana santimita 150 a bayan tayoyin baya, hancin tirela kuma yana danna kilo 360. Idan ka buga 360 sau 150 ka raba da 368, za ka samu kusan kilo 147. Wannan shi ne abin da aka ɗauke daga tayoyin gaba. Nauyin bai ɓace ba, baya ya koma. Tayoyin baya yanzu suna ɗauke da ƙarin 360 da 147, wato kilo 507, alhali kilo 360 kawai ka ɗora.

Ka zuba wannan tsarin a Excel ko Google Sheets ka riƙa canza lambobi, za ka ga abu biyu nan take. Mota mai dogon jiki tsakanin tayoyi ta fi jure wa tirela, sannan duk santimita ɗaya da dunƙule ya ƙara nisa daga mota yana ƙara matsalar. Wannan ne dalilin da ya sa ba a son doguwar ƙotar mahaɗi idan gajera za ta wadatar.

Yadda mahaɗin ke mayar da nauyi

Mahaɗi mai rarraba nauyi yana da sassa huɗu: ƙota da ke shiga ramin mota, kai mai ɗauke da dunƙule, sandunan sifirin guda biyu, da maƙalai da ake ɗaurawa a kan ƙarafan hancin tirela. Sandunan suna fitowa daga kan mahaɗi su miƙe baya, sai a ɗaga ƙarshensu da ƙarfi a rataye a maƙalai.

Ka tuna mai tura baro. Idan ya ɗaga hannayen baro, nauyi yana tafiya kan tayar gaba, sauran kuma ya sauka a ƙafafunsa. Sandunan nan su ne hannayen baro, motar ita ce baron, tayoyin tirela kuma su ne ƙafafun mai turawa.

A misalinmu, mu ce daga dunƙule zuwa tsakiyar tayoyin tirela santimita 500 ne. Idan aka ɗaure sanduna har aka mayar wa gaba rabin abin da ya rasa, wato kilo 73, tayoyin tirela za su karɓi ƙarin kilo 41, tayoyin bayan mota kuma su huta da kilo 114. Idan aka mayar da duka 147, tirela za ta karɓi 83, baya ya huta da 230.

Ka lura da kyau a nan. Ko da an ɗaure sanduna har ƙarshe, kilo 83 kaɗai ne ya bar motar gaba ɗaya. Kilo 277 na nan a kanta. Mahaɗi yana gyara zaman kaya ne, ba ya ƙara wa mota ƙarfin ɗauka. Haka kuma balan-balan ɗin iska da wasu ke sa wa a sifirin baya: suna ɗaga bayan mota ta yi kyan gani, amma ba sa mayar wa tayoyin gaba nauyin da suka rasa.

Lambobin da za ka tattara kafin ka je kasuwa

Kayan Amurka da laba ake rubuta nauyinsu, alamarta lb. Laba ɗaya kusan kilo 0.45 ce, kilo ɗaya kuma kusan laba 2.2. Ga abin da za ka nema:

1. GVWR na mota: iyakar nauyinta da duk abin da ke cikinta. Yana kan takardar da aka manna a jikin ƙofar direba.
2. GAWR: iyakar abin da tayoyin gaba za su ɗauka, da na tayoyin baya, kowane da lambarsa. Wuri ɗaya suke da na sama.
3. Iyakar kaya da fasinja: tana kan takardar bayanin taya mai launin rawaya da fari a wannan ƙofar. Kowace mota da tata lambar, ko da samfurinsu ɗaya, domin kayan alatu da aka ƙara suna cin wannan kason.
4. GCWR: iyakar nauyin mota da tirela a haɗe. Yana cikin littafin mota.
5. Lambobin gidan mahaɗi: akwai takarda a jikinsa, sau da yawa da layi biyu. Layin WC na jan tirela da dunƙule kaɗai ne, layin WD kuma na lokacin da aka sa sandunan rarraba nauyi. A F-150 da yawa, layin farko laba 5,000 ne na tirela da laba 500 na hanci, wanda ke nufin tirelar misalinmu ba ta halatta a ja ta ba tare da sanduna ba.
6. GVWR na tirela: yana kan takarda a gefenta na hagu ta gaba.

Doka ɗaya ce ta haɗa su: lamba mafi ƙanƙanta ita ce iyakarka. Idan mahaɗinka na laba 10,000 ne amma gidan da ya shiga na 6,000 ne, to 6,000 kake da shi.

Wurin da mutane suka fi faɗawa shi ne na uku. Dillali zai ce maka motar tana jan tan biyar, kuma gaskiya ya faɗa, amma nauyin hanci a cikin kason kaya yake shiga. Mu ce takardar ƙofa ta ba ka kilo 750. Mutum huɗu sun ci 280, jakunkuna da kula sun ci 80, mahaɗin kansa ya ci 40, hancin tirela ya ci 360. Jimla 760. Ka riga ka haura, alhali tirelar ba ta kai ko kusa da abin da dillali ya faɗa ba. A irin wannan hali babu mahaɗin da zai cece ka. Ko ka rage kaya, ko ka nemi ƙaramar tirela, ko ka canza mota.

Kada ka yarda da nauyin da ke takardar talla

Nauyin da kamfani ke bugawa na tirela ce fanko. Ba a zuba ruwa ba, ba a sa kayan abinci, tufafi da kayan kwanciya ba, sau da yawa ma ba a lissafa batir da gas ba. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka tanki mai lita 150 ƙarin kilo 150 ne. Tukunyar gas irin ta laba 20 idan ta cika tana kai kilo 17, kuma yawanci biyu ake ɗorawa a kan hancin tirela, kusa da batir. Duk waɗannan kai tsaye suke danna dunƙule.

Ƙa'idar da ake bi a Amurka ita ce nauyin hanci ya kasance kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin tirela da kayanta. Idan ba ka sayi tirelar ba tukuna, ka ɗauki GVWR ɗinta ka lissafa kashi 13 cikin 100, ka yi aiki da wannan. Idan kuma tana hannunka, ka loda ta kamar yadda za ka yi tafiya ka nufi sikeli.

A manyan tashoshin da direbobin manyan motoci ke tsayawa a Amurka da Kanada akwai sikelin CAT, mai faranti uku a jere: ɗaya na tayoyin gaba, ɗaya na baya, ɗaya na tirela. Sau uku za ka hau, da mutane da kaya iri ɗaya a kowane hawa, kan mahaɗin kuma yana jikin mota. Ga yadda sakamakon misalinmu zai kasance da kilo:

- Mota kaɗai: gaba 1,500, baya 1,250. Jimla 2,750.
- Da tirela, ba a ɗaure sanduna ba: gaba 1,353, baya 1,757, tirela 2,640. Jimla 5,750.
- Da tirela, an ɗaure sanduna: gaba 1,426, baya 1,643, tirela 2,681. Jimla 5,750.

Nauyin hanci shi ne gaba da baya na hawa na biyu, wato 3,110, a ɗebe 2,750. Ya ba da 360. Nauyin tirela shi ne 5,750 a ɗebe 2,750, wato 3,000. Raba 360 da 3,000, ka samu kashi 12 cikin 100. Wanda ke shirin sayen mahaɗi, hawa biyun farko sun ishe shi, muddin sikelin na kusa kuma ya tafi a hankali. Akwai kuma ƙananan sikeli na hanci da ake sayarwa, waɗanda ake ɗora hancin tirela a kansu a gida.

Zaɓen ƙarfin sanduna

Ana sayar da sanduna ne gwargwadon nauyin hancin da aka yi su dominsa, misali laba 600, 800, 1,000 ko 1,200. Ka ɗauki nauyin hancin da ka auna, ka ƙara nauyin duk kayan da kake ajiyewa a mota bayan layin tayoyin baya, domin su ma ɗaga gaba suke yi. Kilo 360 kusan laba 800 ce. Idan akwai janareta mai kilo 45 a ƙarshen bodi, ka ƙara laba 100, ka koma 900. Sanduna masu 1,000 ne naka.

Idan sanduna suka yi ƙanƙanta, za su lanƙwasa su kasa mayar da nauyi. Idan suka yi girma da yawa, tafiya za ta yi tauri, kowane rami a titi ya riƙa dukan ƙarafan hancin tirela da gidan mahaɗi. Ƙananan tireloli masu siraran ƙarafa kan lanƙwashe saboda wannan. Sayen mafi girma da sunan riga-kafi kuskure ne a nan. Ka nemi wanda nauyinka ya faɗa cikin zangonsa da ɗan rara a sama.

Sandunan kansu iri biyu ne ta yadda suke shiga kan mahaɗi. Masu zagayayyen jiki suna shiga ta ƙasa, sun fi araha, amma suna saukowa kusa da ƙasa, sukan goga idan za a shiga gidan mai ko hanya mai tudu. Masu kusurwa huɗu suna shiga ta gefe ko ta baya, sun fi barin fili a ƙasa, kuma su ake samu a manyan nauyi.

Hanyoyin hana tangaɗi guda huɗu

*Sandar guga ta gefe.* Wannan ƙaramar sanda ce mai zamewa cikin gida mai fatar birki, ana ɗaura ta daga gefen kan mahaɗi zuwa hancin tirela, a matse ta da hannu. Ita ce mafi araha, kuma tana wadatar da gajeriyar tirela mara nauyi. Aibinta shi ne sai an cire ta kafin a yi ribas mai lanƙwasa sosai, in ba haka ba ta lanƙwashe. Masu ƙera ta kuma suna cewa a sassauta ta ko a cire idan titi na santsi saboda ruwa ko ƙanƙara, domin taurin nata kan hana mota juyawa yadda direba ke so.

*Guga a cikin mahaɗin kansa.* A nan sandunan sifirin ba da sarƙa aka rataye su ba, suna kwance ne a kan maƙalan ƙarfe. Duk lokacin da tirela ta so karkata, sai sandar ta goga da maƙali, kuma nauyin da ke kanta ne ke ba gugar ƙarfi. Fastway e2 yana guga a wuri biyu, Equal-i-zer a wuri huɗu, domin har gidajen sandunan a kan mahaɗi an matse su. Ana yin ribas da su ba tare da an cire komai ba. Ka shirya jin ƙara da ƙugi idan kana juyawa a hankali, haka tsarin yake. Andersen ya bi wata hanya: sarƙoƙi ne a madadin sanduna, dunƙulen kuma yana zaune cikin mazurari mai fatar guga. Ba shi da nauyi, mutum ɗaya na ɗaukarsa cikin sauƙi, ya fi dacewa da tirela ƙarama zuwa matsakaiciya.

*Mai komar da tirela tsakiya.* Guga tana hana motsi ta kowace fuska, har da komawar tirela daidai bayan ta karkata. Wannan rukunin yana ƙoƙarin jawo ta kan layi. A tsarin Reese mai ƙusoshi biyu, ƙarshen kowace sanda yana da lanƙwasa da ke zaune a kan wani dunƙulen ƙarfe. Idan tirela ta karkata, sandar sai ta hau dunƙulen, ƙarfin sifirin kuma ya matsa mata ta koma mazauninta. Blue Ox SwayPro shi ma da ƙarfin sandunan yake aiki, ba ya dogara da gogayyar ƙarfe, shi ya sa ba shi da hayaniya. Tsarin Reese yana son a saita shi daidai, in an yi sakaci amfaninsa na raguwa.

*Mai matsar da wurin juyawa.* Hensley Arrow da ProPride 3P sun kama tushen matsalar. Abin da ke ba tirela ikon juya mota shi ne nisan nan na santimita 150 tsakanin dunƙule da tayoyin baya. Waɗannan biyun suna amfani da hannayen ƙarfe masu haɗe da juna, ta yadda tirela ke yin kamar tana juyawa ne a wani wuri can gaba kusa da tayoyin baya. Turin da iska ke yi wa tirela ba ya samun dogon hannun da zai murɗa mota da shi. Farashinsu dubban daloli ne, alhali na rukuni na biyu da na uku ɗaruruwa ne. Suna da nauyi sosai, nauyin kuma daga kason kayanka zai fita, sannan haɗa su da mota na buƙatar sabo.

A taƙaice, gajeriyar tirela a bayan babbar mota tana iya zama da sandar gefe. Yawancin tireloli na iyali suna samun biyan buƙata a rukuni na biyu ko na uku. Doguwar tirela a bayan mota mai gajeren jiki, ko mai yawan tafiya a filayen da iska ke kaɗawa, shi ne wanda kuɗin rukuni na huɗu zai yi masa ma'ana.

Abubuwan da za su iya hana mahaɗin shiga

Ka buɗe littafin motarka tukuna. Wasu kamfanoni, musamman na motocin Turai da ba su da shasi daban da jiki, sun haramta sa sandunan rarraba nauyi, saboda ƙarfin murɗawar da suke yi wa bayan mota. A Turai ma tsarin daban ne: hancin tirela ya fi sauƙi, dunƙulen milimita 50 ne, kuma an fi amfani da makama mai fatar guga irin ta AL-KO da ke matse dunƙulen kai tsaye. Kayan can da na Amurka ba a cakuɗa su.

Ka auna ramin gidan mahaɗi. Inci 2 ne a yawancin motoci, inci 2.5 ko 3 a manyan a-kori-kura. Ka duba girman dunƙulen da aka buga a jikin makamar tirela, yawanci inci 2 da 5/16 ne a tirela mai ɗaki, inci 2 a ƙanana. Dunƙulen da ya yi wa makama kaɗan zai iya zamewa a hanya.

Ka auna tsayin ramin mota daga ƙasa da tsayin makamar tirela idan tana tsaye daidai. Bambancin ne zai gaya maka irin ƙotar da za ka saya, mai saukowa ko mai hawa. Sannan ka duba ƙarafan hancin tirela wajen inci 30 daga makama, inda maƙalai ke zama, ko tukunyar gas ko akwatin batir sun tare wurin. Idan tirelar na da birki irin wanda turin hanci ke kamawa, ka tabbata mahaɗin ya dace da shi, domin da yawa ba su dace ba.

Saitawa bayan an saya

Ka tsaya a shimfiɗaɗɗen wuri da mota da tirela a lode. Ka manna ɗan salatif a bakin ramin tayar gaba, ka auna daga ƙasa zuwa nan sau uku: kafin a ɗora tirela, bayan an ɗora ba sanduna, da bayan an ɗaure sanduna. Idan na farko santimita 94 ne na biyu 97, to na uku ya kamata ya faɗa tsakaninsu. Wasu kamfanonin mota suna cewa a mayar da rabi, wasu suna cewa a mayar da duka, littafin motarka ne zai raba gardama. Abin da ba a so shi ne gaba ya sauka ƙasa da yadda yake tun farko, domin hakan na nufin ka ɗauke nauyi da yawa daga tayoyin baya, su kuma za su iya zamewa a kan jiƙaƙƙen titi.

Ana ƙara ƙarfin sanduna ta hanyar karkata kan mahaɗi baya kaɗan, ko ɗaga maƙalai, ko rage zoben sarƙa, gwargwadon irin naka. Wajen ɗaura su, ka kulle makama a kan dunƙule, ka yi amfani da jak ɗin hancin tirela ka ɗaga mota da tirela tare. Sandunan za su hau cikin sauƙi. Haka ma wajen cirewa. Sandar da ke ɗauke da nauyi idan ta kuɓuce tana iya karya ƙafa, kada ka tsaya a saitinta.

A ƙarshe tirela ta tsaya daidai, ko hancinta ya ɗan sunkuya. Kada ya ɗaga sama. Ka ɗaure notuna da ƙarfin da littafin mahaɗi ya faɗa, ka gitta sarƙoƙin tsaro a ƙarƙashin hanci, ka maƙala igiyar birkin gaggawa a jikin mota, sannan ka koma sikeli don hawa na uku ka tabbata babu lambar da ta haura iyakarta.

Abin da mahaɗi ba zai yi maka ba

Mu masu rubuta manhaja mun san cewa ɓoye saƙon kuskure ba ya gyara kuskuren. Haka mahaɗi mai tsada yake a kan tirelar da aka loda ba daidai ba. Babban abin da ke haifar da tangaɗi shi ne nauyi ya taru a bayan tayoyin tirela har hanci ya yi sauƙi. Ka sa kaya masu nauyi a ƙasa, a kan tayoyi ko ɗan gabansu, kusan kashi 60 cikin 100 na kaya a rabin gaba. Keke ko janareta da aka rataya a ƙarshen tirela yana ɗage hanci fiye da yadda ido ke gani.

Na biyu shi ne gudu. Kowace mota da tirela suna da gudun da idan aka wuce shi tangaɗi ba ya lafawa da kansa, kuma mummunan lodi yana sauko da wannan iyaka. Ba banza ba jihar Kalifoniya ta ƙayyade wa mai jan tirela mil 55 a awa, wato kusan kilomita 88. Na uku shi ne iskar taya. Ka duba ta da safe kafin tayoyi su yi zafi, na mota da na tirela.

Idan kuma tangaɗi ya kama ka a hanya, ka riƙe sitiyari a miƙe, kada ka yi ƙoƙarin bin jelar da gyara, domin hannunka ba zai riga ta ba. Ka ɗage ƙafa daga totur a hankali, kada ka taka birkin mota da ƙarfi. A jikin na'urar birkin tirela da ke kusa da direba akwai ɗan maɓalli na hannu, ka matsa shi. Birkin tirela kaɗai zai kama, ta ja baya, layin ya miƙe. Ka koyi inda maɓallin yake tun kana fakin, har hannunka ya iya zuwa wurin ba tare da ka kalla ba. Bayan ka tsaya, ka sake duba lodi kafin ka ci gaba.

Nan za mu dakata a wannan darasi. Idan kai ko wani ɗan uwanka a can na shirin sayen irin wannan tirela, ku fara da takardar ƙofar direba da sikeli, ku rubuta lambobin, sannan ku nemi mahaɗin da ya yi daidai da su. Allah Ya tsare mu a hanyoyinmu, Ya kai mu gida lafiya.